Birkin Injin Ɗaga Kaya: Darasi Daga Haɗarin Italiya Da Na Fotugal

A cikin watan Satumba na 2025 labari biyu suka fito daga Turai, waɗanda ya kamata a haɗa su wuri ɗaya a duba. Na fari, ran 3 ga wata, a Lisbon babban birnin Fotugal, wata tsohuwar karusa mai hawa tudu da igiyar ƙarfe, wadda a ke kira Gloria, ta ƙwace ta gangaro a guje ta daki wani gini, mutum 16 suka rasu. Na biyu kuwa, a ƙasar Italiya, kotun garin Verbania ta kammala shari'ar mutum uku a kan haɗarin dutsen Mottarone na 2021, inda mutum 14 suka halaka. An yanka wa ko wannensu hukuncin da bai kai shekara 5 ba.

A duka wuraren nan biyu igiya ce ta fara ɓaci. To, tsinkewar igiya ba sabon abu ba ne, kowa ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san igiya tana da ranarta. Masu ƙera injuna ma sun sani, shi ya sa su ke sa birki, don ran da igiya ta ci amana a sami abin da zai riƙe. Abin tambaya shi ne, me ya hana birkin riƙewa? Ba za a iya amsa wannan ba sai an san yadda abin ya ke aiki. Sabo da haka zan yi bayanin injin ɗaga kaya mai aiki da matsin mai, wanda makanikai ke kira haidirolik, domin shi muka fi gani a nan ƙasar, kuma birkinsa dangi ɗaya ne da na Mottarone. Shi ne ke ɗaga bayan tifa ta zubar da yashi, shi ne a cikin jak ɗin da direba ke ɗaga mota, shi ne a jikin ƙugiyar da ke lodi a wurin gini, da motar haƙa rijiyar burtsatse.

Inda Ƙarfin Ya Ke Fitowa

Wani masani Bafaranshe mai suna Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana ƙa'idar da dukan injunan nan ke bi. Ƙa'idar ita ce, in aka kulle ruwa a cikin mazubi aka matsa shi ta gefe ɗaya, matsin zai bazu ko'ina cikin mazubin daidai wa daida, ba inda zai fi wani samu. Ruwa da mai kuwa ba su matsuwa kamar iska, watau in ka tura su nan take su ke tura abin da ke gabansu.

Ga misali da lissafi, yadda malami zai iya rubuta shi a allo. A ɗauki silinda biyu, ƙarama da babba, a haɗa su da bututu, a cika da mai. Fistin ƙaramar faɗin fuskarsa murabba'in santimita 2, na babbar 200. In aka ɗora nauyin kilo 10 a kan ƙaramin fistin, ko wane murabba'in santimita ya ɗauki kilo 5. Wannan matsi ne zai isa ƙarƙashin babban fistin, shi kuwa yana da irin wannan murabba'i har 200. Biyar sau ɗari biyu, dubu ke nan. Ashe kilo 10 ya ɗaga kilo 1,000, watau tan guda.

Kada wani ya zaci an sami ƙarfi a banza. Kafin babban fistin ya tashi santimita 1, sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 100. Abin da aka samu na ƙarfi an biya shi da nisan tafiya. Shi ya sa direba ke ta buga hannun jak sau da yawa kafin taya ta rabu da ƙasa.

Wani Baturen Ingila, Joseph Bramah, shi ya mai da ƙa'idar nan ta zama injin matsa kaya a 1795. A 1846 kuma William Armstrong ya kafa ƙugiyar lodi mai aiki da matsin ruwa a bakin kogi a birnin Newcastle. Ruwa suka yi aiki da shi a lokacin. Daga baya aka koma ga mai, domin mai yana sa ƙarfe santsi, ba ya kawo tsatsa, ba ya kuma daskarewa da wuri a ƙasashen sanyi.

Injunan yanzu su kan yi aiki da matsin da ya kai ba 200 ko fiye. Ba ɗaya kuwa kusan kilo ɗaya ne a kan ko wane murabba'in santimita. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da ɗan wani abu ba, to, a kwatanta. Matsin ba 200 a kan fistin mai murabba'in santimita 100 zai ɗaga kusan tan 20, watau buhun siminti 400.

Gaɓoɓin Inji

Akwai tanki inda mai ke zama. Akwai famfo wanda injin mota ko na lantarki ke juyawa, yana zuƙo mai daga tanki yana turawa cikin tiyo. Akwai bawul ɗin sarrafawa, shi ne wanda direba ke motsawa da sanda: in ya ja, mai ya bi hanyar ɗagawa, in ya tura, ya bi hanyar saukarwa, in ya saki, sandar ta koma tsakiya. Akwai kuma bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa da kansa ya mai da mai tanki in matsi ya wuce ƙa'ida, don kada tiyo ya fashe, kada kuma inji ya ɗaga abin da ya fi ƙarfin ƙarfensa. Akwai mataci mai tace datti.

Daga nan injuna sun kasu biyu. A waɗansu mai yana shiga silinda ya tura fistin ya miƙe, kamar na tifa da jak. A waɗansu kuwa mai yana shiga wata na'ura mai juyawa, kamar famfo ne aka juya aikinsa, ita kuma ta juya giya, giya ta juya ganga, ganga ta naɗe igiyar ƙarfe, kaya ya tashi. Giyar tana rage sauri ta ƙara ƙarfi, kamar yadda direba ke komawa giya ta ɗaya in zai hau tudu. Wannan na biyun shi ne na ƙugiya da na motar haƙa rijiya, shi ne kuma mai birkin da za mu yi magana a kansa.

Saukarwa Ta Fi Ɗagawa Wuya

Masu yasar rijiya sun san wannan tun ba a ƙera inji ba. In ana jawo mutum daga ƙasa, nauyinsa yana jayayya da masu ja, in sun gaji sai su tsaya su riƙe. Amma in ana zura shi, nauyinsa da hanyar tafiyarsa sun zama baki ɗaya, da an yi sakaci kaɗan igiya ta zare daga hannu, sai ta ƙona tafi ta wuce. Hakanan ya ke ga inji. Lokacin saukarwa kayan ne ke jan ganga, ganga na jan giya, giya na neman juya na'urar da saurin da ya fi wanda famfo ke ba ta.

Maganin wannan shi ne wani bawul mai riƙe kaya, wanda a ke ɗaurawa a bakin hanyar da mai ke fita sa'ad da a ke saukarwa. Kullum a rufe ya ke. Ba ya buɗewa sai famfo ya tura mai ta ɗaya gefen, matsin wannan turawa ya bi wani siririn bututu ya je ya buɗe shi. In kaya ya nemi ya yi gaba da famfo, matsin da ke bayansa sai ya ragu, bawul ya tsuke, kaya ya rage gudu. Ta haka kaya ba ya sauka sai gwargwadon man da direba ya ba da. A kan saita shi ya iya riƙe fiye da nauyin kaya mafi girma da kimanin kashi 30 cikin 100. Kuma a jikin na'urar ko silindar a ke ɗaure shi kai tsaye, ba a barin tiyo a tsakani, domin ko tiyo ya fashe man da ke riƙe da kaya yana kulle a bayansa.

Sai dai wannan bawul ba ya isa shi kaɗai. Na'urar da ke juyawa tana da ɗan yoyo a cikinta ko sabuwa ce, sabo da haka in aka bar kaya a rataye zai riƙa zamowa a hankali. Dole a sami birki na ƙarfe wanda zai kama ya riƙe ƙam.

Birkin Da Ke Kama Kansa

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, don nan ne cibiyar magana. Birkin ƙaramar mota a sake ya ke kullum, sai ka taka sa'an nan mai ya matsa ya kama. In tiyo ya fashe man birki ya tsiyaye, ka taka ka ji wayam. Birkin injin ɗaga kaya an ƙera shi ne akasin haka. A kame ya ke kullum, sai an yi aiki kafin ya saki.

Ga yadda ya ke. A cikin wani gida na ƙarfe an jera fayafayai, ana sa ɗaya mai juyawa tare da sandar giya, a bi shi da ɗaya mai maƙale da jikin gidan, haka har su yi yawa. A bayansu akwai sifirin masu ƙarfi da ke matse su wuri ɗaya, har sandar ba ta iya motsi. In direba ya motsa sanda don aiki, wani kashi na man ya kan shiga bayan wani fistin ya tura sifirin ɗin baya, fayafayai su saki juna, ganga ta juya. Da ya saki sanda, matsi ya faɗi, sifirin su dawo, birki ya kama. A waɗansu injuna ma akwai wani abu kamar firiwil na keke tsakanin birki da sanda, mai barin juyi ta wajen ɗagawa kaɗai, don kada kaya ya zame ko kaɗan a farkon tashi.

To, a lissafa abubuwan da za su iya ɓaci. Inji ya mutu, matsi ya faɗi, birki ya kama. Wutar lantarki ta ɗauke, birki ya kama. Tiyo ya fashe, birki ya kama. Direba ya suma ya saki sanda, birki ya kama. Ko wace irin ɓarna tana kai inji ga tsayawa. Direbobin manyan motoci sun san irin wannan, gama tirela ba ta motsawa da safe sai iska ta taru a tanki, in kuma iska ta zube a hanya tayoyin baya su kan kame.

Dabarar tsohuwa ce. A 1854, a wani baje koli a birnin New York na Amurka, Elisha Otis ya hau kan dandamalin ɗaga kaya aka ja shi sama, ya sa aka sare igiyar a gaban jama'a. Nauyin da ke kan igiyar shi ke danne wani sifirin, da igiya ta tsinke sifirin ya miƙe ya cusa haƙora cikin ƙarafan gefe, dandamali ya tsaya. Daga nan mutane suka fara yarda su shiga lif. A 1872 kuma George Westinghouse ya fito da birkin jirgin ƙasa wanda ke kamawa da kansa in tarago ya ɓalle bututun iska ya tsinke.

Abin Da Ya Faru A Mottarone

Mottarone dutse ne a arewacin Italiya, bisa tafkin Maggiore, tsawonsa ya kusa mita 1,500. Kafin haɗarin 2021, daga garin Stresa a kan hau shi cikin wani akwati mai rataye a igiyar ƙarfe. Igiyoyin iri biyu ne: mai kauri wadda akwatin ke tafiya a kanta kamar jirgi a kan dogo, da wadda ke jansa. A kan akwatin akwai birkin gaggawa mai muƙamuƙai da ke cizon igiya mai kaurin. Matsin mai ne ke riƙe muƙamuƙan a buɗe, in igiyar ja ta saki sai matsi ya zube, sifirin su rufe su. Watau daidai irin birkin da muka bayyana.

Ran Lahadi 23 ga Mayu 2021, akwati yana dab da isa tashar ƙoli da mutum 15 a ciki, igiyar ja ta tsinke. Akwatin ya koma da baya a guje, ya kai ga wani turke ya yi tsalle ya faɗa gangare cikin itatuwa. Yaro ɗaya mai shekara 5 kaɗai ya tsira.

Da masu bincike suka duba tarkacen, sai suka tarar da wani ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu an soka shi cikin birkin ya tokare muƙamuƙan. Wannan ƙarfe kayan aiki ne na halal, an yi shi don lokacin gyara, ko lokacin da akwati ke tafiya ba kowa a ciki. Shugaban ma'aikatan wurin ya amsa cewa da gangan aka bar shi. Dalili kuwa, tun da aka sake buɗe hanyar a ƙarshen Afrilu, bayan rufewar annobar korona, na'urar man birkin tana ta ba da matsala, ana tsoron birki ya kama a tsakiyar hanya aiki ya tsaya. An kira masu gyara, matsala ba ta kau ba. Maimakon a rufe hanya har a gano cutar, sai aka ɗaure bakin birkin, bisa zaton igiya ba za ta taɓa tsinkewa ba. A 2022 kuma masanan da kotu ta naɗa suka ba da rahoto cewa a wurin da igiyar ta tsinke, kimanin kashi 68 cikin 100 na wayoyinta sun riga sun karye tun kafin ranar, sabo da gajiyar ƙarfe da tsatsa, kuma da ana yin dubawar da doka ta ce a wannan wuri, da an gani.

A lura da kyau. Birkin da ke yawan neman kamawa yana ba da labari ne cewa matsi na zubewa a wani wuri, watau yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa. Mutanen nan sun ji labarin, suka toshe bakin mai ba da shi.

Markham Da Lisbon

Ba hannun mutum kaɗai ke kashe birki ba. Ran 30 ga Yuli 1973, a mahaƙar kwal ta Markham a Ingila, keji mai ɗauke da ma'aikata 29 yana sauka rami, mai tuƙi ya ja birki bai kama ba. Keji ya daki ƙasa da gudun kimanin mil 27 a sa'a, mutum 18 suka rasu, 11 suka ji mummunan ciwo. Birkin na sifirin ne, iska ke sakinsa, ƙa'idarsa daidai. Amma dukan ƙarfin sifirin ɗin ta cikin sandar ƙarfe guda ɗaya ya ke bi, mai kaurin inci 2, wadda ta shekara 21 tana aiki. Yau da gobe ta tsage a hankali, ran nan ta karye, birki duka ya tafi tare da ita. Bayan wannan aka sake duba injunan mahaƙan Ingila, aka tsai da shawara cewa kada ran mutane ya rataya a kan ƙarfe ɗaya tilo. Shi ya sa birkin manyan injunan haƙar ma'adinai na yanzu ya ke da kawuna da yawa, ko wanne da sifirinsa, in ɗaya ya ɓaci saura su riƙe.

A Lisbon kuwa, karusar Gloria ta fara aiki tun 1885. Karusai biyu ne, igiya ɗaya ta haɗa su ta ƙarƙashin titi, in ɗaya na hawa ɗaya na sauka, nauyin ko wace yana rage wa 'yar'uwarta. Igiyar ta ɓalle daga inda aka ɗaure ta a jikin ta sama. Masu bincike na gwamnatin Fotugal sun ce mai birki ya ja birkin iska da na hannu nan take, amma ba su da ƙarfin tsai da karusa in babu nauyin ɗaya karusar. Cikin abin da bai kai daƙiƙa 50 ba ta daki gini, shi ma mai birkin yana cikin mamatan. Da safen ranar an yi dubawar ido kamar yadda aka tsara, ba a ga kome ba, don wurin da ya ɓaci ba ya ganuwa sai an kwance. A watan Oktoba kuma rahotonsu ya nuna igiyar ba ta cika ƙa'idar da aka gindaya mata ba.

Ga hanya uku ke nan da birki ke kasawa: a kashe shi da hannu, ko a rataya shi a kan abu ɗaya, ko ya kasance tun asali bai kai ƙarfin ranar masifa ba, ba a kuwa taɓa gwada shi a irin wannan hali ba.

Mu Fa?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna da lif a asibitoci da sakatariyoyi, muna da ƙugiyoyi a wuraren gini, ga tifofi ba iyaka. Ƙasarmu kuma tana da maƙiyan haidirolik biyu, ƙura da zafi. Ƙurar hunturu in ta shiga tanki, ƙwaya ɗaya ta isa ta tokare bawul ya ƙi rufewa sosai. Zafin bazara yana tsinka mai ya ƙara yoyo, yana kuma busar da roba da tiyo. In aka ƙara da ɗabi'ar zuba duk man da aka samu a cikin tanki, har da baƙin man da aka juye daga inji, to, an gayyato ɓarna.

Dokar masana'antu ta Nijeriya ta ce a riƙa duba lif da injin ɗaga kaya irinsa duba na sosai aƙalla sau ɗaya cikin wata 6, a kuma rubuta sakamako. A Ingila ma dokar 1998 ta sa wata 6 ga injin da ke ɗaukar mutane, wata 12 ga mai ɗaukar kaya kaɗai. Doka dai tana nan. Amma takarda ba ta riƙe kaya, Lisbon ta nuna haka.

Nan ne aikin akawu ya shigo, ko da ya ke bai taɓa riƙe sifana ba. Ta hannunsa takardar neman kuɗin gyara ke bi, a teburinsa littafin dubawa ke kwana. In takardar sayen tiyo ko mataci ta yi wata uku a ƙarƙashin fayil, makaniki ba zai zauna jira ba, zai ɗaure da roba ya ci gaba, domin an matsa masa aiki ya tafi. In an kawo takardar shaidar dubawa, akawu yana da ikon tambaya: wa ya duba, yaushe, da wane nauyi aka gwada birkin, an kwance inda ba ya ganuwa ko ido kawai aka zuba? In kuma ya ga an rubuta matsala ɗaya sau uku a littafi, ya kai maganar gaba a rubuce, domin irin wannan maimaici shi ne ya gabaci haɗarin Mottarone. Wajen sayen kaya kuma a tuna araha ba ta ado, igiyar da aka rubuta a ƙa'ida ita za a saya.

Wani zai ce tsai da inji hasara ne, ma'aikata za su zauna, ɗan kwangila zai yi fushi. Gaskiya ne, kuma wannan hasarar ce mutanen Mottarone suka guje wa. Matuƙar ƙaramin ma'aikaci ya san in ya tsai da inji shi za a tuhuma, to, zai nemi abin tokare birki. Sabo da haka ya wajaba shugabannin ma'aikatu su rubuta a fili cewa direba ko makaniki yana da ikon tsai da inji in ya ga alamar ɓaci a birki, ba za a yanke masa albashi ba, ba za a kira shi malalaci ba. Duk ƙarfen tokare birki kuma a ajiye shi a sito, a rubuta wanda ya ɗauka da lokacin da ya mayar. Wani kuma zai ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma wanda aka ba amanar rayuka za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Malaman makaranta su ma suna da rabonsu. Da sirinji biyu, ƙarami da babba, da guntun siririn tiyo da ruwa, an gama kayan darasin Pascal. Yaro ya danna ƙaramin da yatsa ɗaya, abokinsa ya yi ƙoƙarin hana babban tashi, da kansu za su gane. Daga cikin yaran nan ne direbobi da makanikai da injiniyoyin gobe za su fito, sabo da haka a haɗa musu da ƙa'idodi huɗu. Kada a tsaya ko a wuce ƙarƙashin kayan da ke rataye. Kada a shiga ƙarƙashin bayan tifa da aka ɗaga, ko motar da ke kan jak, sai an tokare da ƙarfe ko gungume mai ƙarfi, domin mai ne kawai ke riƙe da ita. Kada a nemi wurin yoyo da hannu, gama mai mai matsi yana fita siriri kamar allura ya huda fata, ciwon ya yi kamar ba kome, alhali yana iya jawo yanke yatsa in ba a kai asibiti nan da nan ba. A yi amfani da guntun kwali. Na huɗu, duk abin kariya da ya dame ka da tsayawa, a nemi dalilin tsayawarsa, kada a cire shi.

Masu ƙira sun yi nasu, sun ba mu birkin da ke kama kansa ko babu kowa a kusa. Abin da ya rage namu ne, mu duba shi a kan lokaci, mu saya masa abin da ya dace, mu bar shi ya yi aikinsa ko da ya ɓata mana rana. Allah ya kiyaye ma'aikatanmu, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.